Mai Tsaro Bisa Ganuwa: Gargaɗi A Kan Koya Wa Samari Da 'Yan Mata Tsare Kai Daga Ƙanjamau

Ya kai mai karatu, wanda ka shiga tafarkin Almasihu ba da daɗewa ba, ko kuwa kana bakin ƙofa tukuna kana bincike, ka kasa kunne ga wata magana da ta shafi gidanka. A cikin littafin Annabi Ezekiyel an ba da misalin mai tsaro wanda a ke sawa bisa ganuwar birni. Idan ya hango mahara ya busa ƙaho, ya sauke nauyinsa ke nan. Amma idan ya gani ya yi shiru, alhakin waɗanda suka hallaka yana wuyansa. Kowane uba da kowace uwa masu tsaro ne bisa 'ya'yan da Allah ya danƙa musu. Maharin da mu ke zance kuwa shi ne ciwon ƙanjamau, wanda mutanen Nijar ke ce wa sida.

Likitoci sun fara shaida wannan ciwo a Amurka cikin 1981, aka gano ƙwayarsa a 1983, a Nijeriya kuma aka ba da labarin bayyanarsa a 1986. Ƙwayar takan shiga jini ta yi ta cin garkuwar jiki a ɓoye, kamar yadda gara ke cin azara daga ciki. Mutum ya kan yi shekaru, wani har 10, yana harkokinsa da ƙiba da kyan gani, alhali yana iya sa wa wani. Domin haka ido ba shi gane mai ita. Gwaji kaɗai ke nunawa.

Watakila za ka ce, wannan zance da nauyi ya ke, yaya uba zai buɗe baki ya yi wa ɗansa maganar kwanciya da mace? Mun san kunya ado ce a wurinmu, har uwa ba ta kama sunan ɗan farinta. Amma ka tuna da Eli, firist na Shilo, wanda ya san ɓarnar 'ya'yansa bai hana su da ƙarfi ba, har suka mutu rana ɗaya. Yaron da ba a koya masa a gida ba, za a koya masa a tasha da dandali da wayar hannu, waɗannan malamai kuwa ba su ƙaunarsa.

Ka dubi abin da ya faru a ƙasar Yuganda. Wajen 1991 an ƙiyasta kusan mutum 15 cikin kowane manya 100 suna ɗauke da ƙwayar, kakanni suna binne 'ya'yansu suna renon jikoki. Mutanen ƙasar suka ƙi yin shiru. Aka yi ta shela a rediyo da makarantu da majami'u da masallatai, ana kawo misalin saniyar da ke cin ciyawar gindin turkenta kaɗai, wato kowa ya tsaya ga matarsa, kowace ga mijinta. A 1989 wani shahararren mawaƙi, Philly Lutaaya, ya bayyana wa jama'a yana da ciwon, ya bi makarantu yana yi wa yara gargaɗi, ya rasu a ƙarshen shekarar. A 1992 wani limamin ikilisiyar Angilika, Gideon Byamugisha, shi ma ya faɗi nasa a fili, abin da babu wani shugaban addini a Afirka da ya taɓa yi kafinsa. A 1993 aka fara buga wa matasa jarida mai suna Straight Talk, inda a ke amsa tambayoyinsu ba ɓoye-ɓoye. Bayan shekara ta 2000 adadin ya sauko wajen 6 cikin 100. Mutuwa ta kwashe waɗansu daga cikin lissafin, gaskiya ne, amma samari da yawa sun jinkirta sanin mace, manya kuma sun rage yawon banza.

To, wace irin koyarwa ce ke tsare yaro? Ga abu huɗu.

Na fari, a faɗa masa gaskiya duka. Ƙwayar tana bin hanya uku: saduwar namiji da mace, da jini, da kuma daga uwa zuwa jariri, ko a ciki, ko wurin haihuwa, ko ta nono. Saboda haka kada ya yarda da allurar da aka yi wa wani da ita, ko reza, ko askar wanzami da ba a tsabtace ba. Ba a ɗaukarta ta cizon sauro, ko gaisawa, ko cin tuwo a ƙwarya ɗaya. Umurnin Ubangiji a sarari ya ke: tsarki kafin aure, aminci a cikin aure, babu garkuwar da ta fi wannan. Duk da haka kada ka ɓoye masa cewa kwaroron roba yana rage hatsarin ƙwarai, gama wata rana sanin nan ya kan ceci ran wanda ya yi tuntuɓe, ko matar da mijinta ke da ƙwayar. Kada ka ji tsoro wai sani zai tura shi ga fasikanci. A 2009 hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNESCO, ta tattara bincike 87 a kan irin wannan koyarwa: babu ko ɗaya da ya nuna ta gaggauta yara ga saduwa, fiye da sulusi ma sun nuna ta sa sun jinkirta. Amma a Amurka, binciken da aka fitar a 2007 a kan tsare-tsare 4 masu koyar da ƙauracewa kaɗai ya tarar yaran da aka koya wa ba su bambanta da sauran ba. Hani ba tare da bayani ba, ba shi riƙe yaro.

Na biyu, a fara da wuri, a kuma riƙa maimaitawa. Ba a ginin ganuwa ran da mahara suka iso. Tun yaro bai balaga ba a soma da abin da hankalinsa zai ɗauka, a riƙa ƙarawa shekara shekara. A 2003 Nijeriya ta amince da darasin zaman iyali da ƙanjamau domin makarantu, amma wannan bai sauke maka naka nauyi ba.

Na uku, a koya masa yadda zai ƙi. Yusufu a gidan Fotifar ya san abin da zai faɗa, ya kuma san lokacin gudu, har ya bar rigarsa. Ka zauna da 'yarka ka tambaye ta: idan mai kuɗi ya saye miki tallarki duka ya ce ki shigo ɗaki ki karɓi kuɗin, me za ki ce? Ta faɗa da bakinta har ta saba. Gama a ƙasashen Afirka kudu da Sahara 'yan mata sun fi samari tsararsu kamuwa nesa, sau da yawa ta hannun mazan da suka girme su. Ka bar ta a makaranta iyakar ƙarfinka, domin an ga yarinyar da ta daɗe tana karatu ta fi tsira. Ka koya wa ɗanka kuma cewa danne mace mugunta ce a gaban Allah. Idan kuwa an yi wa yarinya fyaɗe, kada kunya ta sa a ɓoye. A kai ta asibiti kafin awa 72 su cika, akwai maganin da ke hana ƙwayar kamawa.

Na huɗu, koyarwa ta fito daga bakin wanda yaro ya amince da shi. Idan nauyin baki ya hana ka, ga kawu, ga gwaggo, ga kaka wadda ke wasa da jika, ga dattijuwar ikilisiya. Ka zaɓi mai riƙon asiri, ka tabbata shi ma ya san gaskiyar, ka aike shi. Amma ka sani halinka ya fi bakinka ƙara a kunnen ɗanka: uban da ke yawon dare ba shi da abin koyarwa.

Saura magana guda. Kada ka koya wa yaro ƙyamar masu ciwon. Da yawa an haife su da shi, da yawa sun same shi a kan gadon aurensu. Ubangijinmu Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu sa'ad da kowa ke gudunsa. Inda a ke tsangwama, yara su kan ji tsoron gwaji, su yi ta ɓoyo har ciwo ya ci ƙarfinsu. Tun 1996 akwai magunguna masu danne ƙwayar. Ba su kashe ta ƙaf, amma mai shansu kullum ya kan rayu har tsufa, idan kuma ƙwayar ta kwanta har gwaji ba ya ganinta, ba shi sa wa matarsa. Mai ciki da ke sha yawanci takan haifi ɗa lafiyayye. Saurayi da budurwa kuma su yi gwaji kafin ɗaurin aure.

Ya ɗan'uwa, ƙaho yana hannunka. Kada makon nan ya wuce ba ka yi magana da ɗanka ba, ko ka sa a yi masa. Ka roƙi Allah ya ba ka hikima da sakin harshe, ya tsare 'ya'yanmu jiki da rai, sabili da Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.