Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha Kan Shirin Shigar 'Ya'yanmu Manyan Makarantu

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu 'ya'ya, Ya kuma ɗora mana amanarsu. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammad (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Nasiharmu ta wannan Juma'a a kan wata amana ce da muke yawan jinkirtawa har sai lokaci ya ƙure, wato shirin shigar yaro jami'a ko kwaleji. Duk farkon shekara, da zarar an ce JAMB ta buɗe rajista, sai hankalin gidaje ya tashi. Wannan yana neman rance, wancan yana neman motar zuwa gida karɓo takarda, wani kuma ranar ce ma zai fara tambayar ɗansa abin da yake son karantawa. In ba a samu gurbi ba sai mu ce haka Allah Ya ƙaddara. Gaskiya ne, babu abin da ke faruwa sai da ikonSa. Amma fa addininmu bai raba tawakkali da shiri ba.

Mu duba ƙissar Annabi Yusuf (AS). Da aka kawo masa mafarkin sarkin Masar, bayan ya fassara sai ya shimfiɗa tsari: a yi noma shekara bakwai a jere, abin da aka girbe a bar shi a zangarniyarsa, a ci kaɗan a adana saura saboda shekarun fari. Mu duba kuma Hijira, wadda mu baƙi muka fi kowa jin ta a jiki. Manzon Allah (SAW) ya fi kowa dogaro ga Ubangijinsa, duk da haka an tanadi raƙuma, an ɗauki ɗan jagora wanda ya san hanya, an kwana uku a kogon Sauru, an shirya mai kawo abinci da mai kawo labari. To mu su wa, da za mu ce shiri ƙarancin imani ne?

Shekarun ƙoshin ɗalibi su ne ukun nan na babbar sakandare. Abin da bai adana a cikinsu ba, da wuya ya same shi a wata biyun rajista.

Na farko, zaɓen darussa. Tun ranar da yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare aka ce ya zaɓi ɓangaren kimiyya ko fasaha ko kasuwanci, tun ran nan aka buɗe masa wasu ƙofofi aka rufe wasu. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, maki 400, Turanci dole ne ga kowa, sauran ukun kuma kwas ɗin da yaro ke nema ne ke yanke su. Mai son likitanci sai da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya sai da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai son aikin lauya sai da Adabin Turanci. Sannan ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, ga kwasa-kwasan kimiyya da injiniya kuma har da Lissafi, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Wasu jami'o'in ma a likitanci zama ɗaya suke karɓa. Yaro zai iya cin maki mai yawa ya rasa gurbi don kawai ya haɗa darussan da ba su dace da kwas ɗinsa ba. Iyayenmu, ko ba ku yi boko ba, ku kama hannun yaro ku je wurin malaminsa ku tambaya. Ai tambaya ba ta rage girma.

Na biyu, takardu, kuma nan ne abin ya fi shafar mu. Yawancinmu a masallacin nan daga Katsina, Kano, Zamfara da Sakkwato iyayenmu suka zo Kagara neman halal. 'Ya'yanmu a nan aka haife su, a nan suka yi wayo, amma ranar neman makaranta za a tambayi takardar shaidar ƙaramar hukumarsu ta asali. A jami'o'in tarayya, ana raba gurabe ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimi, kuma Neja da jihohin da muka fito duk suna cikin rukunin ƙarshen nan. Makarantun jiha kuwa sukan bambanta kuɗin ɗan jiha da na baƙo, haka ma hukumomin tallafin karatu na jihohi 'yan jiharsu suke ba. Saboda haka duk wanda zai je gida Sallah ko biki, ya biya sakatariyar ƙaramar hukumarsa ya karɓo wa yaro takardarsa tun yana aji ɗaya. Kada kuma a sayi takardar garin da ba naka ba. Ƙarya ce, kuma kan yaron take komawa ranar da aka gano.

Haɗe da wannan, a duba suna. Mu Hausawa yaro ɗaya sai ya zama Muhammadu a takardar haihuwa, Mohammed a makaranta, Mamman a katin NIN, ranar haihuwa ma kowace takarda da tata. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma abin da ke jikinta shi kwamfuta za ta ɗauko. A tara takardar haihuwa da NIN da rajistar makaranta a tabbatar harafi bai saɓa ba. Gyara yana cin lokaci da kuɗi da zirga-zirgar Minna, gara a yi shi yanzu. Layin wayar da za a tura lambar NIN da shi zuwa 55019 ya kasance na gida ne wanda ba zai ɓata ba, ban da layin mai shago ko na aboki, don ta nan saƙonni za su riƙa zuwa.

Na uku, kuɗi. JAMB takan yi rajista daga wajen Janairu ko Fabrairu, jarrabawa wajen Afrilu ko Mayu. WAEC tana biyo baya a Mayu da Yuni, NECO kuma, wadda hedikwatarta ke nan Minna, a Yuni da Yuli. Kun ga duk lokacin da rumbu ya yi ƙasa ne, ga hidimar taki. Wanda ya ware buhu ɗaya da kaka, ko tunkiya, ko ya shiga adashi da sunan yaro tun aji ɗaya, ba zai tsaya ƙofar kowa ba. Akwai kuma bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara a 2024 ba tare da kuɗin ruwa ba, amma sai yaro ya riga ya samu gurbi a makarantar gwamnati. Kuɗin fom da na mota da na kwana dai yana wuyanmu.

Na huɗu, zaɓen makaranta. Kowace da abin da ta ƙware a kai. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ta kimiyya da ƙere-ƙere ce, mai son aikin lauya ko Shari'a sai ya duba ABU Zariya, Bayero ta Kano ko Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Ga jami'ar jiha ta IBB a Lapai, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Bida da ta jiha a Zungeru, ga Kwalejin Ilimi a Minna. Kada mu raina kwaleji. Malamin da zai koyar da jikokinmu daga can zai fito. 'Ya'yanmu mata kuma, ga makarantar jinya a Bida, ga ta ungozoma a Minna. Duk muna son mace ce ta duba iyalinmu a asibiti. To 'yar wa za ta karanta? Malamai sun ce irin wannan ilimi farali ne na kifaya, in kowa ya bari, kowa ya yi laifi.

Na biyar, tsoron Allah. Za a zo muku da maganar wata cibiya da ake ba da amsa, ko wani mai hanya da zai sama wa yaro gurbi in an biya. Manzon Allah (SAW) ya taɓa sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tsawatar masa, ya nuna cewa algushu ba halin Musulmi ba ne. Satar amsa algushu ce, kuma albashin da aka ci da irin wannan takarda abin tsoro ne. Gurbin gaskiya a shafin CAPS na JAMB yake fitowa, yaro ya shiga da kansa ya karɓa. Wanda bai bi ta nan ba, matsala na jiran sa ranar tafiya bautar ƙasa. Rajista ma a cibiyar da JAMB ta amince da ita kaɗai ake yi. Tunda kuma da kwamfuta ake jarrabawar, a sama wa yaro inda zai koyi taɓa ta kafin ranar.

Mun san abin da ya sanyaya mana gwiwa. Ba mu manta da 17 ga Fabrairu, 2021 ba, daren da aka shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke garin nan aka tafi da ɗalibai 27 da ma'aikata da iyalansu, aka kashe ɗalibi ɗaya, Allah Ya ba iyayensa haƙuri. Ba mu manta da yaran Islamiyyar Tegina ba, a watan Mayu na shekarar. Wasu sun mayar da 'ya'yansu Minna ko Kontagora ko gida, wasu sun cire su gaba ɗaya. Ba mu ga laifin uban da ya ji tsoro ba. Roƙonmu dai, wanda ya sauya wa yaro makaranta ya karɓo takardar sauyi da sakamakon zangunan baya, don makin ajujuwa yana shiga lissafin jarrabawar ƙarshe. Wanda ya cire ɗansa kuma, ya zo mu zauna mu nemi inda ya fi aminci. In muka bar karatu, mun ba azzalumai abin da ko su ba su nema ba.

Gobe Asabar bayan La'asar, in sha Allahu, kwamiti zai zauna a harabar masallaci tare da 'yan'uwanmu malaman makaranta. Duk mai yaro daga aji uku na ƙaramar sakandare zuwa sama ya zo da shi, da takardar haihuwa da katin NIN da sakamakon zangon da ya wuce. Iyayenmu mata suna da nasu zaman a ɓangarensu. Marayun unguwa kuma, maƙwabta su kawo su.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya buɗa wa iyaye hanyar halal. Allah Ya dawo da zaman lafiya a Rafi da Jihar Neja da garuruwan da muka baro. Amin.

Wassalamu alaikum warahmatullah.

Sakataren Masallaci, a madadin Kwamiti