Wa Zai Buɗe Musu Ƙofar Ilimi?



A Bishara ta hannun Markus, sura 7, an kawo wa Yesu wani kurma mai i'ina. Mu dubi yadda Ubangiji ya yi da shi. Bai yi masa doguwar huɗuba ba, gama ba zai ji ba. Ya janye shi gefe daga cikin taro, ya sa yatsunsa a kunnuwansa, ya taɓa harshensa, ya ɗaga ido sama. Wato ya yi masa magana da harshen da zai gane, na hannu da na ido. Kafin mu'ujiza ta auku, an ga haƙuri da lura da dabara. Waɗannan kuwa su ne kayan aikin malamin yara masu buƙata ta musamman: kurame, makafi, guragu da masu jinkirin fahimta.

Irin waɗannan yara suna nan a gidajenmu. Waɗansu an ɓoye su a ɗaki saboda kunya, waɗansu an miƙa musu ƙoƙon bara tun suna ƙanana. Har wa yau ana jin masu cewa alhaki ne ya kama iyaye, ko kuwa aikin iskoki ne. Almajirai ma sun tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho (Yohanna, sura 9), ya kuwa amsa sarai cewa ba na mutumin ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Mun san sanƙarau yana kurmantar da yaro, ƙyanda kuma tana iya makantar da shi. Cuta ce ta taɓa kunne ko ido, amma hankalin yaron yana nan yana jiran malami.

Waɗanda suka riga mu sun gane haka. Wajen shekara ta 1760, wani firist, Fada de l'Épée, ya buɗe wa kurame makarantar kyauta a birnin Faris, yana koyar da su da maganar hannu. A 1824 Louis Braille, makaho ɗan shekara 15, ya tsara rubutun makafi mai ɗigo 6 wanda ake karantawa da yatsa. A ƙasarmu, Mishan na SUM ya kafa makarantar makafi a Gindiri a 1953. Andrew Foster, kurma daga Amurka, ya buɗe ta kurame a Ibadan a 1960, Ikkilisiyar Katolika kuma ta buɗe makarantar makafi ta Pacelli a Legas a 1962.

To, wa zai ɗauki wannan aiki a yau? Tausayi kaɗai ba ya koya wa makaho karatu, sai an nemi horo. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman a Oyo, wadda aka kafa a 1977, akwai kuma sashen ilimi na musamman a Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano. A can ne ɗalibi zai koyi maganar hannu, da rubutun makafi wanda ake hudawa daga dama zuwa hagu domin a juya takarda a karanta, da yadda ake koya wa makaho tafiya da farar sanda, da yadda ake raba darasi gutsure gutsure ga mai jinkirin fahimta. A 2019 an sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya, amma doka ba ta shiga aji ta riƙe alli. Sai mutum.

Ba za mu ɓoye muku ba, aikin yana da nauyi. Wani yaro zai yi watanni kafin ya iya rubuta sunansa, yabon mutane kuma kaɗan ne. Amma mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Saboda haka muna kira ga matasanmu masu neman shiga manyan makarantu: ku yi addu'a ku tambayi Ubangiji ko nan ne yake kiranku. Iyaye, kada ku hana ɗanku wannan karatu, kada kuma ku ɓoye ɗanku kurma. Katikis da Zumuntar Mata, ku bi gida gida ku gano yaran da aka yi wa Baftisma amma ba su taɓa zama a ajin katikisim ba, domin babu mai koya musu. Kowace majami'a kuma ta yi shawara ko za ta iya ɗaukar nauyin horar da mutum ɗaya.

Ubangiji wanda ya buɗe kunnen kurma ya buɗe namu kunnuwan, mu ji kukan waɗannan yara, ya kuma aiko da ma'aikata cikin gonarsa. Amin.