Sanin Gobe: Amana ko Makami?

Tun fil'azal ɗan'adam yake ƙoƙarin sanin abin da gobe za ta haifar. Manomi yakan ga isowar shamuwa ya ce damina ta ƙarato. Falke yakan saurari labarin hanya kafin ya ɗaure kaya. A zamaninmu kuwa, an ɗora wannan aiki a kan na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda take tattara alƙaluman shekaru masu yawa, ta auna, ta fitar da hasashe. Wannan ba sanin gaibu ba ne, kirdado ne da aka gina bisa abin da ya riga ya faru. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce: wanda ya riga kowa hango gobe, wane haƙƙi ne ya rataya a wuyansa?

Mu fara da fagen sinadarai. A shekarar 2020, manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind da ke Ingila ta nuna gwanintar hasashen siffar furotin, aikin da a da yakan ci shekaru a ɗakin gwaji. A 2022 aka saki siffofi sama da miliyan 200 kyauta ga masu binciken magani, kuma a 2024 Demis Hassabis da John Jumper suka samu rabo a kyautar Nobel saboda wannan aiki. Amma a 2022 ɗin nan dai, wasu masu binciken magani a Amurka suka bayyana cewa sun juya akalar tasu na'urar don gwaji, sai ga shi cikin ƙasa da awa 6 ta zayyano sinadarai masu guba wajen 40,000. Ashe wuƙar yankan ragon layya ita ce dai a hannun ɗan fashi.

Haka lamarin yake idan muka dawo gida, kasuwar hatsi ta Kontagora, inda masara da dawa da wake suke shigowa daga ƙasashen Mariga da Rijau da Magama. Da kaka manomi yakan sayar da arha, domin bashin taki da hidimar iyali ba sa jira. Attajiri kuwa ya saya ya kimshe, sai damina ta yi tsakiya ya buɗe sito. To, ina ga ranar da wannan attajiri zai riƙe na'urar da za ta kirdado masa farashin watanni shida masu zuwa, alhali manomin Rijau bai san da ita ba? Mun ga yadda tsadar abinci ta fito da mata zanga-zanga a Minna cikin Fabrairun 2024.

Ba tanadi muke zargi ba. Annabi Yusuf, Alaihis Salam, ya sanar da zuwan fari na shekara bakwai, aka tara hatsi, al'umma ta tsira. Bambancin shi ne bai ɓoye saninsa ba, kuma rumbun na jama'a ne.

Saboda haka, ma'aunin kowane hasashe bai tsaya ga daidaitonsa kaɗai ba, har da yawan waɗanda ya isa gare su. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina kowace shekara, amma wa zai kai shi kunnen manomi da harshen da yake ji? Wannan nauyi a kanmu yake, mu ɗalibai da malaman Hausa. Allah Ya ba mu ikon sauke shi.