Duwatsun Haworth: Haƙƙin Mamaci da Haƙƙin Mai Rai

A arewacin Ingila, cikin lardin Yorkshire, akwai wani ɗan tsohon garin masaƙa mai suna Haworth, wanda aka kafa a jikin tudu, majami'a da maƙabartarta suna can ƙoli, gidajen talakawa kuwa suna gangarowa ƙarƙashinsu. Kuma da yake ruwa ba ya hawa tudu, duk abin da ƙasar maƙabartar ta sha, daga bisani sai ya biyo gangare ya iske masu rai. Limamin majami'ar, Patrick Bronte, wanda ya kama aiki a 1820, gidansa yana manne da kaburburan ta fuska biyu, har ya zamana 'ya'yansa mata, waɗanda duniya ta san su da rubuta littattafai, ba su leƙa taga ba face sun ga kushewa.

Shi ne ya dage da kai kuka ga hukumar lafiya a Landan, har a 1850 aka aiko wani mai bincike, Benjamin Babbage. Abin da ya tarar ya isa tashin hankali: cikin kowane yaro 100 da aka haifa, fiye da 41 ba sa cika shekara shida, matsakaicin ajalin mutumin garin bai kai shekara 26 ba, kuma cikin shekara goma an binne gawa 1,344 a wannan ɗan fili. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hukuncinsa a kan duwatsu. Al'adar garin ita ce a shimfiɗa faffaɗan falalen dutse bisa kabari, a sassaƙa sunan mamaci a kai, wannan na gogar wancan, har maƙabartar ta koma kamar daɓe. Sai Babbage ya ce duwatsun sun hana iska ratsa ƙasa, sun hana tsiro fitowa, saboda haka jiki ba ya komawa turɓaya a kan kari. Ya ba da shawarar a rufe wurin.

To, a nan mas'alar take. Mamaci yana da haƙƙi a kan masu rai, watau a suturta shi, a kiyaye alfarmarsa. Amma shin dawwamar da sunansa yana cikin wannan haƙƙi, ko kuwa buƙata ce ta waɗanda ya bari, suka jingina masa ita? Fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya sun karhanta gini a kan kabari, kamar yadda kowane ɗalibin Risala ya sani, suna tsoron alfahari da cinye filin da jama'a ke da haƙƙi a kansa. Kuma wanda ya saba ganin kabarin tudun ƙasa da ɗan ice ko fasasshiyar tukunya, wanda damina kaɗan kan shafe, zai yi saurin cewa hujja ta tabbata a kan mutanen Haworth. Ni dai ban iya wannan gaggawa ba. Masaƙin da ya tara kwabo-kwabo ya sayi dutse ɗaya, aka jera masa sunayen jarirai huɗu ko biyar a kai, wannan wata uku, wancan shekara biyu, ban ga alfahari a tare da shi ba. Abin da na gani mutum ne da aka karɓe wa kome, yana neman ko da shaidar cewa an taɓa ba shi. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta sauya ɗabi'ar ƙasa, kuma dutsen da aka aza don jinƙan yaron da ya tafi, yana daga cikin abin da ya cuci ƙanensa da ke goye.

Shi kansa limamin ya ga mutuwar matarsa da 'ya'yansa shida duka kafin nasa wa'adin ya cika a 1861, yana da shekara 84. Bayansa aka dasa itatuwa a tsakanin kaburburan, saiwoyinsu suka shiga yin aikin da duwatsu suka hana.

Maziyarta kan zo yau daga nisan duniya suna neman kabarin 'ya'yan limamin, Charlotte da Emily, a cikin filin maƙabartar, alhali ba su nan: suna ƙarƙashin daɓen majami'ar, 'yar'uwarsu Anne kuwa tana can Scarborough a bakin teku. Wadda ke kwance a waje, daura da katangar lambun gidan, ita ce Tabitha Aykroyd, tsohuwar da ta yi musu hidima kusan shekara talatin, ta riga Charlotte rasuwa da 'yan makonni a 1855.