Haƙƙin Maƙwabcin Jami'a

Malaman fiƙihu sun daɗe suna tattauna iyakar maƙwabtaka, har wasunsu suka ƙiyasta ta da gida arba'in ta kowace fuska. A al'adarmu ma, matar da ta dafa abin da ƙanshinsa ya tsallaka katanga takan zuba a kwano ta aika wa maƙwabciya, domin wanda ya shaƙi ƙanshi ya riga ya sami rabo a tukunya. To, idan maƙwabcin jami'a ce, abin da take dafawa kuma ilimi ne, mene ne rabon mutanen da ke zaune a gindin katangarta?

Zariya ce ta sa ni wannan tambaya. Tun kafin zuwan Turawa almajirai ke niƙo gari daga ƙasashe masu nisa zuwa Unguwar Juma da Kona domin karatun nahawu da lugga. Boko ma da ya zo, nan ya yada zango. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Abubakar Imam a matsayin editanta na Hausa, Kwalejin Barewa ta dawo nan a 1949, sannan aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 a Samaru, can wajen ganuwa a kan hanyar Funtuwa. Tsohon karatun a zaure ake yinsa, kuma zaure ba shi da maigadi. Maɗinki ko ɗan koli yakan zauna bayan sallar asuba ya ɗauki darasinsa, sannan ya wuce kasuwa. Ba na cewa zaure ya wadatar da kowa, don mata kaɗan ne suka sami shiga, kuma 'ya'yan gidajen malamai sun fi kowa rabo. Sai dai bai tambayi kowa takardar shaida a bakin ƙofa ba.

Jami'a kuwa dole ta tambaya. Takardar da take bayarwa abinci ce, kuma abin da ya zama abinci sai an tsare shi. Ban ga laifi a nan ba.

Na zo Samaru daga Burumburum a matsayin ɗalibi, da na gama kuma na zauna ina koyarwa a wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta. Zaman ma'aikaci ya nuna mini garin da ɗalibi ba ya gani. Ɗalibi baƙo ne mai ƙirga shekarunsa huɗu, amma akwai waɗanda jami'a ita ce gonarsu alhali ba su taɓa zama a ajinta ba: mai shayin da ke raya dare lokacin jarrabawa, mai wanki da guga, ɗan acaɓa, matar da ke tuyar ƙosai, dattijon da ya yanka gidan gado ya mai da shi ɗakunan haya a Hayin Dogo ko Ɗanraka. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mai ɗinke kundin digiri. Kundaye masu yawa sun bi ta hannunsa, ya san launin bangon kowace tsangaya, ya san inda ake sa hannun malami, amma sau da yawa karatunsa bai wuce firamare ba. A 2022, da malaman jami'o'i suka yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, an yi ta jimamin ɗaliban da suka rasa wata takwas, kuma sun cancanci jimami. Su dai sun koma gidajen iyayensu. Waɗannan mutane kuwa nan ne gidansu, nan suka zauna suna kallon rumfuna babu ciniki.

Mai hankali zai iya ce mini jami'a ba gidan sadaka ba ce, ta ƙasa ce baki ɗaya, kuma tana biyan bashinta ta wata hanya. Wannan hujja tana da nauyi, ni kaina shaida ne. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya girmi jami'ar da shekara arba'in, ita ke fitar da irin masara da dawa da gyaɗa da wake masu ɗauke da sunan Samaru a farkon sunayensu. Manomin masara a Tudun Wada ko Doguwa, wanda bai taɓa wuce Kwanar Ɗangora ya nufi Zariya ba, yana iya cika rumbunsa da aikin wani mai bincike da bai san sunansa ba. Ga kuma asibitin koyarwa a Shika. Ba wanda zai ce tukunyar ba ta ciyar da kowa.

Duk da haka hujjar ba ta gamsar da ni ba, domin ta amsa tambayar amfani ne, ta bar tambayar maƙwabtaka. Na nesa alheri ake yi masa, na kusa kuwa bashi yake bi, saboda an taɓa rayuwarsa. Shi ne kuɗin haya ya hau kansa don ɗalibai sun yi yawa. Ƙasar kakanninsa ce ta zama filin gwaji da gidajen ma'aikata. Shi ne kuma, fiye da kowa, ake bincike a kansa. Shekara da shekaru ɗalibai ke shiga Bomo da kasuwar Samaru da takardun tambayoyi: nawa kake samu, 'ya'yanki nawa, me kuke ci, ina kuke ɗebo ruwa? Mutane su bar sana'arsu su amsa cikin haƙuri. A juya amsoshin zuwa Turanci, a ɗinke, a ba da digiri, a jera a kan kanta. Wanda ya ba da amsar ba ya sake jin ɗuriyarta. Wanda ya karɓi sirrin gidan mutum ya gina matsayinsa da shi, bai koma ya gaya masa abin da ya gano ba, a ganina ya ci amana, ko da dokar jami'a ba ta kira shi da wannan suna ba.

Wa zai biya? Hukuma ba ta da fuska, ba ta jin kunyar haɗuwa da mai shayi da safe. Mu ne muke ji, mu da muka ci moriyarta muka kuma zauna a unguwa ɗaya da waɗannan mutane, muna sallah a sahu ɗaya. Na san albashinmu bai taka kara ya karya ba, lokacinmu ma na masu makaranta ne. Amma abin da nake nufi bai kai a kira shi sadaukarwa ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta nuna tun 1939 cewa ana iya bayyana yaƙin duniya da Hausar da manomi zai gane. Saboda haka wanda ya auna ruwan rijiyoyin wata unguwa ya sami digiri da shi, zai iya taƙaita sakamakon a shafi biyu da Hausa, ya kai wa mai unguwa, a karanta bayan la'asar, mutane su san rijiyar da za su sha da wadda za su bar wa wanki.