Haƙƙin Tsoho A Kan 'Ya'yansa Tun Kafin Ya Faɗi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a farkon Suratu Maryam Allah ya ba mu labarin Annabi Zakariyya, wanda ya kai kukan tsufa ga Ubangijinsa, ya ambaci raunin ƙashinsa tun kafin ya ambaci furfura. Duk wanda ya tsaya ƙofar masallaci a Samaru ko Sabon Gari bayan an sallame zai ga wannan rauni da idonsa: dattijon da aka sani dogo ya rankwafa, rigarsa har tana jan ƙasa. Mu kuwa sai mu ce ai tsufa ne, mu wuce.

Likitoci sun bayyana cewa ƙashi yana kai matuƙar ƙarfinsa wajen shekara 30, daga nan sai ya soma raguwa. Abin ya fi sauri ga mata bayan haila ta ɗauke. Cikin ƙashin yakan zama kamar icen da gara ta ci, har gaɓoɓin ƙashin baya su riƙa lotsawa ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa ba tare da mai su ya sani ba. Daga nan ne doro yake fitowa, tsawo ya ragu. Mai irin wannan ƙashi, santsi kaɗan ya isa ya karya masa kwatangwalo, ya kwanta kwanciyar da da yawa ba su tashi daga gare ta.

To, ina tsofaffinmu suke faɗuwa? Sau da yawa a hanyar ibada ne: makewayi mai gansakuka, wurin alwala da aka shimfiɗa wa tayil don ado, dandamali cikin duhun asuba. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Ina ga hanyar da mahaifiyarka take bi da buta sau biyar kullum? Abin mamaki, za ka ga mutum ya biya wa uwarsa kujerar Makka, amma bai kafa mata ƙarfen dafawa ko fitila a makewayi ba. Ka wanke gansakukar, ka ajiye mata kujerar alwala, ka sama mata nono da zogale da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, ta kuma riƙa fitowa tsakar gida ta taka ƙasa, ta sha hantsi. A kula da ƙwayoyin ciwon gaɓoɓi da ake saye a kemis ba da izinin likita ba, domin irin su dexamethasone suna cinye ƙashi idan aka daɗe ana sha.

Kai kuma dattijo, kada kunya ta hana ka riƙe sanda ko karɓar rangwamen shari'a. Buhari ya ruwaito cewa Annabi da kansa ya yi salla a zaune bayan ya faɗo daga kan doki, kuma ya umarci Imrana ɗan Husaini da ya zauna idan tsayuwa ta gagara. Wanda ruku'u ko sujada yake yi wa wahala, nuni ya isar masa.

Idan kuwa tsoho ya faɗi ya kasa taka ƙafa, kada a ja ƙafar, kada a tsaya jiran maɗori. Karayar kwatangwalo tana can cikin tsoka inda karan ɗori ba ya kaiwa, kuma galibi sai da aikin tiyata. A ɗauke shi a kwance zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a ranar, a ɗauki hoton ƙashin.