Da wace tiya za a auna shugaba?

Ƴan uwa masu karatu, ga tambaya. In mace ta daɗe bisa mulki, da wace tiya za mu auna aikinta? Da tiyar da ake auna maza, ko da wata daban?

Ku ji labarin Elen Jonson Salif ta ƙasar Laberiya. An haife ta a 1938. A 1979 ta zama ministar kuɗi. A 1985 shugaba Samuwel Do ya sa aka kulle ta don ta soki mulkinsa. A 1997 ta shiga zaɓe, ta faɗi. Ba ta karaya ba. A 2005 ta ci. Ita ce mace ta farko da jama'a suka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka. Ta yi shekara 12 tana mulki.

Ta tarar da ƙasa wadda yaƙin basasa ya cinye. A zamaninta yaƙi bai dawo ba. A 2010 aka yafe wa Laberiya bashin da ya zarce dala miliyar 4. Wannan alheri ne. Amma kuma ta ba ɗiyanta manyan muƙamai. Ɗaya ya shugabanci kamfanin man fetur na ƙasa, ɗaya ya zama mataimakin shugaban babban banki. Cin hanci ma bai ƙare ba.

Wasu na cewa: mace ce, a yi mata sassauci. Wasu na cewa: kun gani, mulki ba na mata ba ne. Dukansu sun yi algus a awo. Mai sassauci ya raina ta, ya ɗauke ta kamar yarinya wadda ba a tambaya. Mai zargi kuwa ya ɗora laifin mace ɗaya bisa mata duka. Sarakuna nawa suka fifita ɗiyansu? Ba wanda ya ce maza su bar sarauta.

Tiya ɗaya ce, ta mace da ta namiji. Me shugaba ya tarar? Me ya bari? Da lokacinsa ya cika, ya sauka? A Janairu 2018 Elen ta miƙa mulki ga Joji Weya, ɗan wata jam'iyya. A lokacin, rabon Laberiya da ganin zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa mulki ga wani zaɓaɓɓe tun 1944. Wannan ya shiga tiyarta, laifin ɗiyanta ma ya shiga.

Kada ku ce zancen nesa ne. A garinku akwai wadda ta daɗe tana riƙe asusun ƙungiyar mata. Tsufanta bai hana a ƙirga kuɗi gaban kowa ba. Yanzu kun iya karatu. Ku buɗe littafin asusu, ku duba. In ta riƙe amana, ku yaba mata cikin taro. In akwai giɓi, ku tambaye ta da ladabi.